Elliott Joslin: Likitan da ya hango illar ciwon suga ga jijiya tun kafin a yarda da shi

In kana da ƙane ko ƙanwa mai ciwon suga, wataƙila ka taɓa ganin likita ya sa an cire takalmi yana duba tafin ƙafa. Wannan al'ada tana da tarihi, kuma sunan Elliott Joslin na kan gaba a cikinsa.

An haife shi a 1869 a jihar Massachusetts ta Amurka, ya yi karatu a Yale, ya karanci likitanci a Harvard. A zamaninsa, yaron da ciwon suga ya kama da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Joslin sai ya buɗe wani katafaren littafi, duk majinyacin da ya zo ya rubuta shekarunsa, abincinsa da yadda ciwon ya kaya da shi. A 1916 ya fitar da littafinsa kan jinyar cutar, a 1918 kuma ya rubuta wani domin majinyata su karanta da kansu.

Da allurar insulin ta fito a 1922, yaran suka daina mutuwa da wuri. To amma da suka girma sai wata matsalar ta ɓullo: ido ya raunana, ƙoda ta gaza, ƙafa ta sage. Suga in ya daɗe yana hawa yana cinye jijiyoyin da ke kai saƙon ji, yana farawa daga yatsun ƙafa. Mutum ya taka ƙusa bai ji ba, gyambo ya kama, a ƙarshe a yanke ƙafar.

Joslin ya nace cewa riƙe suga daidai kullum shi ne rigakafi. Likitoci da dama suka ce takura ce kawai, babu hujja. Haka ya rasu a 1962 yana da shekara 92, ana ta ja da shi.

Sai a 1993 wani babban bincike kan mutum 1,441 a Amurka da Kanada, har da matasa 'yan shekara 13 zuwa 17, ya nuna tsananta kula da suga na rage lalacewar jijiya da kusan kashi 60 cikin ɗari. Ashe dattijon gaskiya ya faɗa.

Yanzu masu bincike na neman alamar ɓarnar tun yaro bai ji komai ba: wani furotin da jijiya ke zubarwa cikin jini in ta ji rauni, da hoton ƙananan jijiyoyin fatar ƙwayar ido. Kafin waɗannan su wadata, abin da ke hannunka mai sauƙi ne. Kar ƙaninka ya tsallake allura don kunyar abokai, ya riƙa gwada suga, a riƙa duba masa ƙafa. In ya ce yana jin raɗaɗi ko kamar ana tsira masa allura a tafin ƙafa da dare, kar ka ce gajiyar ƙwallo ce. Ku wuce asibiti.