Frederick Abberline (1843–1929): Rayuwar Jami'in da Binciken Kisan Whitechapel Ya Gagara

1.0 Gabatarwa

Tarihi bai cika yi wa ɗan sandan da bincike ya gagara adalci ba. Sunan mai laifi kan wanzu a bakin jama'a, shi kuwa mai binciken a manta da shi, ko kuma marubuta ƙagaggun labarai su ɗinka masa rigar da ba tasa ba. Haka ta kasance ga Frederick George Abberline, sufeton da ya jagoranci jami'an farin kaya a titunan Whitechapel da ke gabashin Landan a 1888, lokacin da makashin da ake yi wa laƙabi da Jack the Ripper ya addabi unguwar. Wannan maƙala ta bibiyi rayuwarsa ne domin rarrabe tarihinsa da almarar da aka gina a kansa.

2.0 Haihuwarsa da Shigarsa Aiki

An haifi Abberline ranar 8 ga Janairu, 1843, a garin Blandford Forum na gundumar Dorset a kudancin Ingila. Mahaifinsa mai ɗinkin sirdi ne, kuma ya rasu a 1849, ya bar mahaifiyar tana riƙe 'ya'ya da ɗan kantin da ta buɗe. Abberline ya fara da sana'ar gyaran agogo, kafin ya shiga rundunar 'yan sandan Landan a Janairun 1863. Ya zama saje a 1865, sannan sufeto a 1873, aka tura shi Whitechapel.

Kusan shekara 14 ya yi a wannan unguwa ta talauci da cunkoso, mai cike da gidajen kwanan haya da baƙin haure, musamman Yahudawan gabashin Turai. Daga 1878 shi ne shugaban sashen binciken laifuffuka na shiyyar. Ya san lungunanta, ya san ɓarayinta, su ma sun san shi. A ƙarshen 1887 aka mayar da shi hedikwata, wato Scotland Yard.

3.0 Kashe-kashen 1888

Da aka tsinci gawar Mary Ann Nichols ranar 31 ga Agusta, 1888, sai hukuma ta maido da shi Whitechapel saboda sanin da ya yi wa wurin. An kashe Annie Chapman ranar 8 ga Satumba, Elizabeth Stride da Catherine Eddowes a dare guda ranar 30 ga Satumba, sai Mary Jane Kelly ranar 9 ga Nuwamba. Waɗannan mata biyar, dukansu talakawa, su ne akasarin masana suka yi ittifaƙi a kan cewa hannu ɗaya ne ya hallaka su.

Ba Abberline ne kan gaba a tsarin shugabanci ba. Kwamishina Sir Charles Warren ya ɗora wa Babban Sufeto Donald Swanson alhakin tattara dukkan rahotanni a hedikwata, shi kuwa Robert Anderson, shugaban sashen bincike, yana hutun jinya a Suwizalan har zuwa farkon Oktoba. Aikin Abberline shi ne na ƙafa: bin gida-gida, jin ta bakin shaidu, halartar zaman binciken musabbabin mutuwa, da tantance mahauta da likitoci da matuƙa jirgin ruwa. An yi wa mutane fiye da 2,000 tambayoyi, an bincika fiye da 300, an tsare 80.

Dalilan gazawar a fili suke. Babu dabarar zanen yatsa, domin sai a 1901 Scotland Yard ta buɗe ofishinta, kuma a wannan shekarar ce aka samo hanyar bambance jinin mutum da na dabba. An kashe Eddowes a yankin wata runduna ta daban, ta tsohon birni, don haka bincike ya rabu biyu. A daren, Warren ya sa aka goge wani rubutun alli a titin Goulston kafin a ɗauki hotonsa, don gudun kada ya tayar da tarzoma a kan Yahudawa. Ga kuma ɗaruruwan wasiƙun ƙarya da suka ci lokacin jami'ai. Daga ɗayarsu ne ma laƙabin makashin ya fito.

Hukuncin Abberline da aka fi muhawara a kansa shi ne na George Hutchinson, wanda ya zo ranar 12 ga Nuwamba da cikakken kwatancen wani mutum da ya ce ya gani tare da Kelly. Abberline ya yi masa tambayoyi da kansa, ya gaskata shi, amma kwatancen bai kai ga kama kowa ba.

4.0 Bayan Whitechapel

A 1889 aka damƙa masa binciken abin kunyar titin Cleveland, wanda ya shafi wasu manyan masu sarauta. Jan ƙafar da hukumomi suka yi ya ba Lord Arthur Somerset damar ficewa daga ƙasar. Abberline ya zama babban sufeto a 1890, ya yi ritaya a Fabrairun 1892 da yabo da lada har 84. Ya ci gaba da bincike mai zaman kansa a Monte Carlo, ya kuma yi wa kamfanin Pinkerton na Amurka aiki.

A 1903 ya shaida wa jaridar Pall Mall Gazette cewa yana zargin George Chapman, ɗan asalin Poland da aka rataye a shekarar saboda kashe mace da guba. Zargi ne kawai, kuma ya saɓa wa na sauran manyan jami'ai, waɗanda suka karkata ga Kosminski ko Druitt.

Matarsa ta farko, Martha, ta rasu da tarin fuka wata biyu bayan aurensu a 1868. Ya auri Emma Beament a 1876, suka zauna fiye da shekara 50 ba su samu haihuwa ba. Ya rasu a Bournemouth ranar 10 ga Disamba, 1929, yana da shekara 86. Kabarinsa ya zauna ba alama har 2007.

5.0 Kammalawa

Walter Dew, wanda ya yi aiki a ƙarƙashinsa, ya siffanta shi da mutum mai jiki da taushin murya, mai kama da manajan banki. Amma shirin talabijin na 1988 ya mai da shi mashayi, fim ɗin From Hell na 2001 kuma ya mai da shi mai zuƙar ƙwaya da ganin gaibu, wanda ya mutu da ƙuruciya. Takardun aikinsa ba su nuna ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da suka nuna shi ne ma'aikaci mai haƙuri da ya yi shekara 29 a bakin aiki, ya yi nasara a bincike da dama, amma aka riƙa tuna shi da guda ɗayan da ya gagare shi.