Albrecht von Graefe: Likitan da ya fara cin nasarar yi wa hawan jinin ido tiyata

Har zuwa tsakiyar ƙarni na 19, wanda hawan jinin ido, wato gilakoma, ya kama sai dai ya fara neman ɗan jagora, domin likitoci ba su da abin yi masa. Wanda ya sauya wannan labari shi ne Albrecht von Graefe, Bajamushen da aka haifa ranar 22 ga Mayu, 1828.

Ya gaji likitanci, domin mahaifinsa, Karl Ferdinand von Graefe, shahararren likitan fiɗa ne. Ya kammala karatu a Balin a 1847, ya ƙaro ilimin ido a Farag, Faris, Biyana da Landan, sannan ya dawo gida ya buɗe asibitin ido. Yana cikin na farko da suka rungumi madubin leƙa cikin ido da Hermann von Helmholtz ya ƙirƙiro. A 1854 kuma ya kafa mujallar ilimin ido wadda har yau take fitowa da sunansa.

A gaban ido akwai wani siririn labule mai launi, mai kafa a tsakiya inda haske ke shiga. Ruwan da ido ke samarwa a bayan labulen yakan bi ta kafar, ya fice ta magudanar da ke gefe. Idan hanya ta toshe, ruwan sai ya taru ya danne jijiyar gani har ta mutu. A 1856 Graefe ya yanke ɗan ɓangare na labulen, sai matsin ya sauka, musamman ga waɗanda ciwon ya tasar wa farat ɗaya da zafi da jan ido. Ya gabatar da sakamakon a taron likitocin ido na duniya a Burasels a 1857. Sai bayan mutuwarsa aka gane cikakken dalilin da ya sa aikin ke ci. A yau da hasken leza ake huda labulen.

Tarin fuka ya yi ajalinsa a Balin ranar 20 ga Yuli, 1870, yana da shekara 42.

Gadonsa ya shafi Najeriya, inda gilakoma ke bin bayan yanar ido wajen makantar da jama'a. Nau'in da ya fi yawa a nan ba ya zafi, daga gefe yake cin gani a hankali, kuma maganinsa ɗigon ido ne ko wata tiyatar daban, irin wadda ake yi a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna. Tun zamanin Graefe aka lura cewa tiyata tana tsare ganin da ya rage ne, ba ta dawo da wanda ya tafi. Shi ya sa likitoci ke shawartar wanda ya haura shekara 40, a Minna yake ko a ƙauye, ya riƙa zuwa awon ido tun bai ji komai ba.