Atanasiyas na Iskandariya, Bishop da Aka Kora Sau Biyar

An haifi Atanasiyas a Iskandariya ta ƙasar Masar wajen shekara ta 296. Yana matashin dikin ne ya raka Bishop Alekzanda zuwa babban taron Nikiya a shekara ta 325. A can shugabannin ikkilisiya suka ƙi koyarwar Ariyas, wanda ke wa'azi cewa Ɗan Allah halitta ne, akwai lokacin da babu shi. Atanasiyas ya gane inda haɗarin yake: idan Almasihu halitta ne kamarmu, ba shi da ikon ceton kowa. Bayan shekara uku ya gaji kujerar bishop.

Da magabtansa suka kasa kayar da shi da Nassi, sai suka koma ga ƙage. A taron Taya, a shekara ta 335, suka zarge shi da kashe wani bishop mai suna Arseniyas, wai har ya yanke hannunsa domin tsafi. Suka kawo busasshen hannu a matsayin shaida. Ashe mutanen Atanasiyas sun riga sun gano inda aka ɓoye mutumin. Aka shigo da shi da ransa, aka yaye mayafinsa, ga hannuwa biyu lafiya lau. Mai karatu zai zaci magana ta ƙare ke nan. Ina! Duk da haka aka tuɓe shi, Sarki Kostantin kuma ya kore shi zuwa Tiriya, cikin Jamus ta yau.

Sau biyar aka kore shi, a hannun sarakuna huɗu, kusan shekara 17 a jimlace. A shekara ta 356 sojoji suka kewaye majami'a da dare ana cikin sujada. Ya sa a karanta Zabura 136, ya ƙi fita sai jama'a sun fara fita, sa'an nan ya sulale zuwa hamada wurin masu zaman kaɗaici, ya ci gaba da rubutu. Gaskiya, shi ma ba mai sanyin hali ba ne, harshensa na da kaifi.

A wasiƙarsa ta Ista ta shekarar 367 ya jera littattafai 27 na Sabon Alkawari, daidai yadda suke a hannunmu yau, don kada littattafan jabu su ruɗi masu bi. Ya rasu a birninsa ran 2 ga Mayu, 373. Shekara takwas bayan haka, taron Kostantinoful ya sake tabbatar da bangaskiyar Nikiya.