Alex Haley, Baƙar Fatar Amurka Da Ya Bi Sawun Kakansa Har Gulbin Gambiya

A filinmu na tarihin mutanen da suka shahara, yau za mu ƙetare teku zuwa ƙasar Amurka. Mutumin da muka ɗauko muku shi ne Alex Haley, marubuci baƙar fata, wanda ya kwashe shekara 12 yana cigiyar garin da aka kamo kakan kakanninsa aka sayar. Waɗanda suka manyanta cikinku ba za su manta da fim ɗin Kunta Kinte ba, wanda masu jin Faransanci suka sani da sunan Racines. To daga littafin wannan bawan Allah ne aka ɗauko shi.

An haifi Alex Haley ranar 11 ga watan Agusta na shekarar 1921 a garin Itaka cikin jihar Niyok, inda mahaifinsa Simon yake karatun aikin gona. Yana jinjiri aka kai shi wurin dangin uwarsa Bertha a Henin, wani ɗan ƙaramin gari a jihar Tenesi, can kudancin ƙasar. Kakansa na wajen uwa, Will Palmer, ɗan kasuwa ne mai kamfanin sayar da katako, abin da ba kasafai baƙar fata yake samu ba a wancan zamani. Amma gadon da ya fi amfanar yaron daga hannun kakarsa Cynthia ya fito.

Idan an ci abincin dare, tsohuwar da ƴan uwanta mata sukan zauna a barandar gida suna hira, shi kuma yana raɓe bayan kujera yana saurare. Kullum hirar takan koma kan wani kakansu da suke kira mutumin Afirka. A cewarsu, ya shiga daji ne saran icen da zai yi ganga aka kama shi, jirgin ruwa ya sauke shi a wani gari mai suna Naplis, ubangijin da ya saye shi ya sa masa suna Toby, shi kuwa ya nace cewa sunansa Kinte. Sau huɗu yana gudu ana kamo shi, a na huɗun aka sare masa rabin ƙafa. Ya haifi ɗiya guda, Kizzy, ya riƙa nuna mata abubuwa yana faɗin sunansu da harshensu: abin kiɗa mai tsirkiya ya kira shi ko, gulbi kuma Kambi Bolongo. Kizzy ta faɗa wa ɗanta George, mai horar da zakarun faɗa, George ya faɗa wa ɗansa Tom maƙeri, Tom ya faɗa wa ɗiyarsa Cynthia, ita kuma ga ta tana faɗa a gaban jikanta. Kalmomi uku ko huɗu ke nan da suka ratso kusan shekara 160 daga baki zuwa baki, kuma su ne duk jarin da Haley ya fara da shi.

Mai karatu zai iya cewa mene ne abin mamaki a nan. A wurinmu, ko ƴar talla ka tare a kasuwar Maradi za ta iya gaya maka su Katsinawa ne ko Gobirawa, idan ma ba ta faɗa ba askar da ke fuskar kakarta za ta faɗa. A Amurka bauta ta shafe wannan duka. Bawa sunan ubangijinsa yake ɗauka, ana sayar da uwa gabas a sayar da ɗa yamma, kuma a ƙidayar jama'a ta 1850 da ta 1860 ba a rubuta sunayen bayi ba, sai dai shekaru da jinsi da launin fata a ƙarƙashin sunan mai su. Sai a ƙidayar 1870, shekara 5 bayan hana bauta, aka fara rubuta su da sunansu kamar kowa.

Karatun boko bai riƙe Haley ba. Ya bar jami'a bai gama ba, a shekarar 1939 ya shiga rundunar tsaron gaɓar teku a matsayin yaron kicin, don kusan aikin da ake ba baƙar fata ke nan a lokacin. A cikin jirgi, zamanin yaƙin duniya na biyu, ya fara rubuta wa abokan aikinsa wasiƙun soyayya zuwa ga ƴan matansu suna biyansa, kamar dai masu rubuta wasiƙa da muka sani a bakin gidan waya. Daga nan ya shiga rubuta labarai yana aika wa mujallu, suna maido masa da su shekara da shekaru kafin a sayi na farko. Ya yi ritaya a 1959 bayan shekara 20, ya koma birnin Niyok da niyyar ya ci abinci da alƙalami. Talauci ya yi masa kamun kazar kuku. Shi da kansa yakan ba da labarin ranar da abin da ya rage masa a duniya shi ne gwangwanin sardin 2 da ƴan kwabbai 18, waɗanda daga baya ya sa aka yi musu gilashi ya rataye a bango.

Abin da ya fito da sunansa shi ne hira da manyan mutane, irin su Martin Luther King da ɗan dambe Muhammad Ali. Mafi girma ita ce wadda ya yi da Malcolm X, jagoran baƙaƙen fata musulmi, wanda ya zauna da shi fiye da sau 50 har suka haɗa littafin tarihin rayuwarsa. Littafin ya fito a 1965, ƴan watanni bayan an harbe Malcolm ranar 21 ga Fabrairu. Shi wannan harafi na X da Malcolm ya sa a madadin sunan gidansu, alama ce ta sunan kakanni na Afirka da ya ɓata ba a san shi ba. Wato shekara biyu Haley ya yi yana zaune gaban mutumin da sunansa kansa cigiya ne.

Wata rana a birnin Washinton ya shiga gidan ajiyar takardun gwamnati ya nemi ƙidayar 1870 ta wata gunduma a jihar Karolina ta Arewa. Yana cikin dubawa sai ga sunan Tom Murray, sana'arsa ƙira, ga matarsa, ga ɗiyansu a jere, sunayen da ya sha ji a baranda. Daga ranar bai sake samun sukuni ba. Ya kai kalmomin nan ga wani masanin tarihin Afirka ɗan ƙasar Beljiyam, Jan Vansina, wanda ya shaida masa cewa sun yi kama da harshen Mandinka: ko tana iya zama kora, molon Mandinka mai tsirkiya da yawa, bolongo gulbi ne, Kambi kuwa Gambiya.

A 1967 ya sauka Gambiya. Ya zauna da wasu manyan ƙasar ya zayyana musu labarin gidansu tun daga farko har ƙarshe, suka ce Kinte sunan dangi ne sananne, kuma za su nemo masa wanda ya san tarihinsu. Bayan ƴan makonni aka aika masa cewa an samu. Ya dawo ya shiga jirgi ya haura gulbi zuwa ƙauyen Jufure, inda wani tsoho mai suna Kebba Kanji Fofana ya zauna yana jero asalin gidan Kinte, tafinta yana juyawa. Ya ce kakansu Kairaba malami ne da ya taso daga Muritaniya ya zauna a garin, ya haifi Omoro, Omoro ya haifi maza 4, babbansu Kunta ya fita saran ice wajajen lokacin da sojojin sarkin Ingila suka zo, ba a sake ganinsa ba. Haley ya ce jikinsa ya mutu. Mutanen gari suka kewaye shi, mata suna miƙa masa jariransu ya ɗauka, aka kai shi masallaci aka yi addu'a, a hanyar komawa ya fashe da kuka.

Daga nan ya wuce Landan yana tonon takardun jiragen ruwa, har ya faɗa kan wani mai suna Lord Ligonier, wanda ya bar gulbin Gambiya ranar 5 ga Yuli 1767 da bayi 140, ya isa Anapolis ranar 29 ga Satumba da 98. Sauran 42 teku ta ci su. A takardun kayan jirgin, mutanen nan suna jere ne tare da hauren giwa da kakin zuma da auduga da zinariya, kuma jaridar garin ta buga tallar gwanjonsu kamar yadda ake tallar kowace haja.

Rubuta littafin ya fi binciken wahala. Ya karɓi kafin alƙalami daga kamfanin Doubleday ya cinye, wa'adi ya wuce da shekaru, bashi ya kai masa iya wuya. Don ya ji abin da bawa ya ji, ya shiga jirgin dakon kaya daga Laberiya zuwa Amurka, kowane dare yana sauka can cikin ramin jirgin ya tuɓe ya kwanta a kan katako cikin duhu. Littafin mai suna Roots, wato saiwa ko tushe, ya fito a 1976, shekarar da Amurka take bikin cika shekara 200 da samun ƴancin kai. Kafin shekara ta zagayo an sayar da fiye da miliyan guda, daga baya aka juya shi cikin harsuna 37. A watan Janairu 1977 gidan telebijin na ABC ya nuna fim ɗin dare 8 a jere, aka ƙiyasta mutum miliyan 130 sun kalli wani sashe nasa, fiye da rabin jama'ar ƙasar a lokacin. A shekarar aka ba shi lambar yabo ta musamman ta Pulitzer.

Abin da ya biyo baya ya fi kuɗin girma. Gidajen ajiyar takardu suka cika da masu neman sunan kakanni. Iyalan baƙaƙe da suka warwatsu suka shiga shirya taron dangi shekara-shekara, aka raɗa wa jarirai Kunta da Kizzy. Har fararen fata, waɗanda kakanninsu suka yi ƙaura daga Ailan da Italiya da Polan, suka tashi neman jirgin da ya kawo nasu.

Sai dai ba a daɗe ba aka fara kwance ƙullin kayan ana dubawa. A watan Afrilu 1977 wani ɗan jaridar Ingila, Mark Ottaway, ya je Jufure ya dawo ya rubuta cewa tsoho Fofana ba maroƙin gado ba ne da aka san shi da riƙe tarihi, kuma ga alama ya riga ya ji abin da baƙon yake nema kafin su haɗu. Masanin tarihi Donald Wright, wanda ya yi aiki a yankin, shi ma ya ƙarfafa wannan zance. Mu a ganinmu a nan ne Haley ya yi kuskuren da ƙaramin ɗan kasuwa ba zai yi ba: ya shiga kasuwa yana shelar irin hajar da yake so da yadda ransa ya biya a kanta, sannan ya yi mamaki da aka kawo masa ita daidai wa daida. Duk wanda ya taɓa ganin maroƙi yana wasa mai sabon kuɗi a gidan biki ya san yadda asali yake tsawo idan hannu ya shiga aljihu. Shi kansa Jufure, da littafin ya nuna kamar ƙauyen da bai san Bature ba, yana dab da Albareda da tsibirin Jems, wuraren da Faransawa da Ingilishi suka daɗe suna cinikin bayi.

A ɓangaren Amurka ma an samu giɓi. A 1981 wasu masana asali biyu, Gary Mills da matarsa Elizabeth, suka bi takardun jihar Birjiniya suka gano cewa bawan nan Toby yana cikin lissafin dukiyar gidan Waller tun 1762, shekara 5 kafin jirgin Lord Ligonier ya iso. Ke nan ba zai yiwu ya zama shi ne aka sauke daga jirgin ba. Kafin wannan kuma, wani marubuci Harold Courlander ya kai shi ƙara cewa ya kwashi wurare da dama daga littafinsa na 1967. A ƙarshen 1978 aka sasanta, Haley ya amsa cewa wasu sassan littafin mutumin sun shiga nasa, ya biya dala 650,000. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta kasuwa ba. A canjin wancan lokaci kuɗin sun haura miliyan 100 na sefa.

Haley ya kare kansa da cewa tun farko bai ɓoye ba, hirarraki da yanayin zaman mutanen littafin shi ya ƙaga su a kan ginshiƙin abin da ya binciko. Gaskiya ne ya faɗi haka, amma kuma ya rantse a kan sarƙar asalin, kuma ita ce ta tsinke a tsakiya. Daga Tom maƙeri zuwa ƙasa takardu sun tabbatar, George mai zakaru ma kabarinsa yana nan a Henin. Jirgin gaskiya ne, mutum 42 da suka mutu a cikinsa gaskiya ne. Abin da ba a iya ɗaurawa ba shi ne igiyar da ta haɗa Toby na Birjiniya da Kunta na Jufure.

A ƙarshen rayuwarsa ya sayi gona a Tenesi, ya riƙa yawon ba da lacca, yana kuma aikin wani littafi a kan dangin ubansa. Kakarsa ta wannan ɓangare, Queen, ɗiyar baiwa ce da wani farar fata mai gandu wanda gidansu suka yi ƙaura daga Ailan. Bai gama ba ciwon zuciya ya kashe shi a birnin Siyatil ranar 10 ga Fabrairu 1992, yana da shekara 70. Aka rufe shi a farfajiyar gidan kakarsa a Henin, gab da barandar nan. Mutum ne mai sakin hannu, ga kuma bashi, don haka cikin shekarar aka yi gwanjon kayansa, har da takardun da ya rubuta da hannunsa da lambar Pulitzer ɗin. Wani marubuci David Stevens ya ƙarasa littafin Queen ya fito a 1993.

A Gambiya kuwa, hukumar UNESCO ta sa tsibirin Jems da wuraren da ke kewaye da shi cikin kayan tarihin duniya a 2003, sannan a 2011 gwamnatin ƙasar ta sake masa suna zuwa tsibirin Kunta Kinte. Baƙaƙen Amurka da ƴan yawon buɗe ido suna sauka Jufure a kai su gidan dangin Kinte su gaisa, su sayi sassaƙa da rini a bakin gulbi, sannan kwalekwale ya ƙetara da su zuwa kangon kurkukun da ke tsibirin, wanda ruwa ya riga ya cinye mafi yawan ƙasarsa.