George Boole: ɗan mai ɗinkin takalma da lissafinsa ke cikin kowace waya

An haifi George Boole a garin Lincoln na Ingila a 1815. Da sana'ar mahaifinsa ta karye, sai ya kama koyarwa yana shekara 16 domin ya riƙe gidansu, yana kuma koya wa kansa lissafi. Bai taɓa zaman ɗalibta a jami'a ba, amma a 1849 aka naɗa shi farfesa a Cork.

Littafinsa na 1854 ya mayar da gaskiya da ƙarya alƙaluma biyu, 1 da 0. Sai a 1937 Claude Shannon ya nuna makunnan lantarki za su iya bin wannan ƙa'ida. A kanta aka gina dangogin ƙananan ƙwaƙwalen na'ura. TTL yana zuƙar wuta ko ba ya aiki, CMOS kuwa kusan ba ya ci sai yana aiki. Albarkacin CMOS ne waya ke wuni da caji ɗaya a ƙauyukan Batsari da Safana, inda cajin ma na kuɗi ne.

A ƙarshen 1864 ruwan sama ya yi masa duka a hanyar aji, ya koyar da jiƙaƙƙun tufafi. Ciwon huhu ya yi ajalinsa ranar 8 ga Disamba, yana shekara 49.