Marigayi Dokta Barau Dikko, Likitan Farko Daga Arewa

Duk wanda ya taɓa jinya a Kaduna ya san asibitin Barau Dikko, amma ba kowa ya san mai sunan ba. Shi ne ɗan Arewa na farko da ya zama cikakken likita irin na zamani, a lokacin da ake auna darajar likita da launin fatarsa da kuma ƙasar da ya yi karatu, ba da aikin hannunsa ba.

An haifi Russell Barau Dikko a ƙasar Zazzau cikin 1912. Ya tashi a hannun 'yan mishan na C.M.S., ƙarƙashin Likita Mila, Baturen nan da ya zauna a birnin Zariya tun 1905. Da ya gama makarantarsu sai ya gangaro Ikko, ya shiga King's College. Ashe ke nan shi ma ya ɗanɗana zaman baƙunci a Kudu, tun zamanin da ɗalibi ɗan Arewa a Ikko abin nunawa ne da yatsa. Daga nan ya haye Ingila, ya karanta likitanci a Jami'ar Birmingham.

To, a nan ya kamata mai karatu ya san yadda aikin likita yake a wancan zamani. Hawa uku aka yi masa. A sama akwai Turawa. Tun 1902 gwamnatin Ingila ta kafa wa likitocinta na Afirka ta Yamma ƙungiyar aiki guda, ta ƙayyade cewa sai Bature zai shige ta. Baƙar fata ko da ajinsu ɗaya da Baturen a Ingila, jarrabawarsu ɗaya, sai a sa shi a wani layi dabam mai ƙaramin albashi. Wannan shi ne hawa na biyu.

Hawa na uku kuwa na 'yan Yaba ne. A 1930 gwamnati ta buɗe makarantar likita a Yaba, nan Ikko. Ɗalibanta sukan shafe shekaru suna karatu mai tsanani, a ƙarshe a ba su takardar da ba ta aiki sai cikin Nijeriya, don hukumar likitocin Ingila ba ta yarda da ita ba. Sunansu mataimakan likita, albashinsu ƙasa da na wanda ya ƙetare teku, ko da yake a asibitocin lardi su ke duba marasa lafiya dare da rana. Abin ya yi wa masu ilmin Ikko ciwo ƙwarai, har ya zama cikin dalilan kafa ƙungiyar samarin Ikko a 1934, wadda ta rikiɗe ta zama N.Y.M. Gwamnati na cewa ƙasa na bukatar ma'aikata da yawa cikin sauƙin kuɗi, su kuwa suna cewa an shirya ne don ɗan ƙasa ya dawwama a ƙasa. Dokta Michael Okpara, wanda ya zama Firimiyan Jihar Gabas, ɗan Yaba ne.

Dikko ya tsere wa hawa na uku albarkacin takardar Birmingham, amma da ya kama aikin gwamnati a 1940, manyan kujerun ma'aikatar lafiya duk suna hannun Turawa. Daga ƙasa ya faro, ya yi ta hawa sannu a hankali, har ya shugabanci sashen yaƙi da cututtukan da suka yi kaka-gida a ƙasa, daga baya ya zama Babban Sakataren Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Arewa.

Bai tsaya a asibiti kaɗai ba. A 1948 ya tara 'yan boko a Zariya don su duba halin da Arewa ke ciki. Taron nasu ya haɗu da wani irinsa na Kaduna, aka sami Jam'iyyar Mutanen Arewa, kuma a babban taronta na Kaduna cikin 1949 aka zaɓe shi shugaba. Abubakar Imam da Malam Aminu Kano da Sa'adu Zungur duk da su aka fara. Manufarta yaƙi da jahilci da lalaci da zalunci. Abin lura, shi Kirista ne, mafi yawan waɗanda suka ɗora shi kuwa Musulmi. Da ƙungiyar ta zama jam'iyyar siyasa ta N.P.C. a 1951, dokar aikin gwamnati ta sa ya janye, ya ci gaba da aikinsa.

Maganar hawa-hawa ba ta mutu nan da nan ba. A 1948 makarantar Yaba ta koma Badun, aka shiga ba da digirin Jami'ar London. Amma Arewa, saboda ƙarancin likitoci, ta buɗe tata makarantar mataimakan likita a Kano a tsakiyar shekarun 1950, wadda ba ta daɗe ba. Sai a 1963 Nijeriya ta kafa majalisar kanta mai rajistar likitoci, a 1967 kuma Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen likitanci a Zariya.

A wannan shekara ta 1967 Janar Yakubu Gowon, wanda shi ma tashin Wusasa ne, ya kira Dikko Ikko ya naɗa shi Kwamishinan Tarayya na Ma'adinai da Lantarki. A 1971 aka mai da shi ma'aikatar sufuri. Ya rasu a 1977, bayan ya ga 'ya'yan Arewa sun fara fitowa cikakkun likitoci daga Zariya, ba sai sun ƙetare teku ba, ba kuma wanda zai kira su mataimaka.

Asibitin da ke ɗauke da sunansa a Kaduna ya zama asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Kaduna. Nan ake horar da sababbin likitoci, takardarsu ɗaya da ta kowane likita a ƙasar nan.