Sharl Darwin, mai tara ƙwari

A Madawa, Buza da Keita, kowane yaro ya san baƙin ƙwaron nan mai taurin baya da ke yawo bisa rairayi. Ba ya tashi sama. Danginsa sun fi iri 20.000 a duniya. Ƙananan jajayen ƙwarin da ke ɓata garin hatsi ma danginsa ne. Ga labarin wani mutum da ya bi irin waɗannan ƙwari har tsibiran tsakiyar teku.

An haifi Sharl Darwin a ƙasar Ingila a shekara ta 1809. Ubansa likita ne, ya so ɗansa ya gaje shi. Amma yaron bai iya jure kallon fiɗa ba. Sai aka kai shi jami'ar Kambrij don ya zama limamin coci. Can ma hankalinsa yana ga ƙwari.

Wata rana ya ɓare ɓawon itace, ya kama ƙwaro biyu, ɗaya a kowane hannu. Sai ga na uku! Ya jefa na hannun dama a baki. Ƙwaron ya fesa masa wani ruwa mai zafi a harshe. Ya tofar da shi, na ukun kuma ya tsere.

A ƙarshen 1831, Darwin ya shiga wani jirgin ruwa mai suna Beagle. Sun yi kusan shekara biyar suna zagaya duniya. A watan Janairu na 1832 suka tsaya tsibiran Kap-Ber, yamma da Senegal. Ƙurar da iska ke kwasowa daga Afirka ta sauka cikin jirgin. Ita ma ya ɗebe ta, ya adana.

A 1835 suka isa tsibiran Galapagos, wajen kilomita 1.000 daga gaɓar Amurka ta Kudu. Ya yi sati biyar can, ya taka tsibiri huɗu. Ƙwarin wurin ba su da yawa, ƙanana ne, ba su da ado. Bai raina su ba, ya tara su.

Amma ya yi kuskure guda. Ya tara wasu ƙananan tsuntsaye bai rubuta tsibirin da ya samo kowane ba. Da ya koma gida, dole ya nemi taimakon abokan tafiyarsa da suka rubuta nasu.

A 1845, wani masani mai suna Waterhouse ya bincika ƙwarin, ya kasa su iri iri, ya raɗa musu suna. Wasunsu dangin baƙin ƙwaron nan namu ne, an kira su Stomion. Ba su tashi sama, kuma ba a samunsu ko'ina sai can.

Me ya sa tsibiri ke da nasa irin dabbobi? Darwin ya yi fiye da shekara 20 yana tunani. A littafinsa na 1859 ya bayyana cewa kakanninsu daga babbar ƙasa suka zo tun da daɗewa, jikokinsu suka yi ta sakewa a hankali har suka dace da sabon wuri. Ya rasu a 1882.

Tambayoyi
1. Wane kuskure Darwin ya yi a Galapagos?
2. Mene ne amfanin sanin ƙwarin da ke shiga rumbu?

Aiki
Ku nemo baƙin ƙwaro guda. Ku zana shi cikin littafinku, ku rubuta rana da wurin da kuka same shi, sannan ku sake shi.